Yadda Farish Zai Riƙe Kuɗi Ba Tare da Haɗama Ta Samu Ƙofa Ba

Wa'azi a kan son kuɗi ba ya wuyar yi. Duk ɗan Katolikan da ya daɗe yana zuwa Mas, wato babbar sujadar Katolika, ya san labarin mai arzikin da gonarsa ta yi albarka, ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, a daren nan kuwa aka karɓi ransa (Luka 12:16-21). Ya san kuma abin da Bulus ya rubuta wa Timoti, cewa son kuɗi tushen kowace irin mugunta ne. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan Fada, wato limamin cocin, ya sa albarka an watse: wa ya ɗauki jakar baiko, ina ya kai ta, su wa suka ƙirga, a wane littafi aka rubuta? Jama'a na jin wa'azi, amma suna kallon hannun masu riƙe da jaka. In suka ga mutum ɗaya ne kaɗai ya san abin da ke shiga da abin da ke fita, duk abin da aka faɗa daga kan mumbari game da haɗama ya bi iska.

Akasarin waɗanda suka ci kuɗin coci ba da niyyar sata suka karɓi aikin ba. Mutanen kirki ne da aka bari su kaɗai da kuɗi shekara da shekaru ba mai tambayarsu, har ranar da wata matsala ta taso a gida suka ce bari su ara su mayar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka tsarin da ke tafe ba zargin kowa ba ne, kariya ce ga ma'aji, ga Fada, da sunan Coci.

Kuɗin na wane ne

A fara daga nan, don rabin rigingimun kuɗi a farish, wato jama'ar cocin da ke ƙarƙashin kulawar Fada guda, daga rashin sanin wannan suke tasowa. Kundin dokokin Coci na 1983 ya ɗauki farish a matsayin mai mallakar kansa. Dukiyarsa ba ta Fada ba ce, ba ta kwamiti ba ce, ba kuma ta iyalin da suka ba da fili tun farko ba ce. Doka ta 1254 ta faɗi abubuwan da aka tara ta dominsu: hidimar sujada, ɗaukar nauyin limamai da sauran ma'aikata, da aikin bishara da na jinƙai, musamman ga mabukata. Duk kashe kuɗin da ba za a iya rataya shi a ɗaya daga cikin waɗannan ba, a dakata a sake dubawa.

Fada mai kula da farish shi ne wakili da mai gudanarwa (doka ta 532), kuma doka ta 1284 ta ce ya yi aikin da himmar magidanci nagari. Akwai ƙa'idoji biyu a doka ta 1267 da ya kamata kowane ɗan kwamiti ya haddace. Ta farko, abin da aka miƙa wa mai gudanarwa ana ɗaukarsa na farish ne, sai in mai bayarwa ya nuna a fili cewa kyauta ce ta ƙashin kai. Ta biyu, abin da aka bayar domin wata manufa ba a kashe shi a wata. Kuɗin da aka tara don rufin coci ba a sayen mota da su, ko da motar ta fi gaggawa. In buƙata ta canja, a koma wa masu bayarwa a nemi yardarsu.

Kwamitin kuɗi

Doka ta 537 ta wajabta wa kowane farish kwamitin kuɗi. Ba zaɓi ba ne, saɓanin kwamitin kiwon jama'a wanda doka ta 536 ta bar wa bishop ya duba dacewarsa. Umarnin da Vatikan ta fitar a Yulin 2020 game da rayuwar farish ya ce Fada ne ke shugabanta, tare da aƙalla mutum uku daga cikin jama'a. A aikace biyar ko bakwai sun fi, don in ɗaya ya yi tafiya ko ya yi rashin lafiya a iya zama.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cika kwamitin da manyan masu bayar da gudunmawa, wai don girmamawa. Mai kuɗi ba lallai ya iya lissafin kuɗin jama'a ba, kuma da wuya wani ya iya ce masa a'a a gaban taro. A nemi mutum ɗaya da ya san aikin akanta, ɗaya da ya san gini da gyara, ɗaya daga cikin masu ziyartar matalauta, a tabbata akwai mata, a kuma tabbata akwai wakilin ƙananan majami'un da ke ƙarƙashin farish, don su ne aka fi mantawa da su in an zo rabon aiki. Kada miji da mata ko wa da ƙane su zauna a kwamiti guda, kada ɗan'uwan Fada ya shiga, kada kuma wanda farish ke biyansa albashi ya zama mai jefa ƙuri'a. A sa wa'adi, misali shekara uku da za a iya sabuntawa sau ɗaya, sai dai in dokar dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, ta faɗi wani abu daban. A zauna aƙalla sau huɗu a shekara, a rubuta abin da aka tattauna, a karanta shi a zama na gaba.

Kwamitin na ba da shawara ne, Fada ke yanke hukunci. Amma Fadan da ke kiran kwamiti bayan ya gama kashe kuɗin don su sa hannu kawai, ya cika harafin doka ya bar ruhinta.

Daga kwandon baiko zuwa banki

A nan ya kamata a fi daɗewa, don a wannan ɗan taƙin ne kuɗi ba su da shaida. Kafin a ƙirga baiko ba wanda ya san adadinsa, don haka duk abin da ya zube a lokacin ba za a taɓa gano shi ba. Littafi Mai Tsarki ma ya kula da wannan. A 2 Sarakuna 12, firist Yehoyada ya ɗauki akwati ya huda murfinsa ya ajiye kusa da bagade, in ya cika kuma magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga su ɗaure a jaka. Bulus ma bai yarda ya ɗauki gudunmawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8:18-21 ya aika Titus da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi, yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane.

Da zarar an gama karɓa, masu tsaron ƙofa biyu su juye kwanduna a jaka guda a gaban jama'a, su rufe da makulli ko abin ɗauri mai lamba wanda ba ya buɗuwa sai an tsinke shi. A rubuta lambar a littafi da kwanan wata da lokacin Mas. Kowace Mas da jakarta, baiko na biyu ma da tasa jakar, kada a gauraya. Bayan Mas su biyun su kai jakar akwatin ƙarfe, ba ɗakin kwanan kowa ba, ba bayan motar kowa ba.

Ƙirga na mutum uku ne waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba. A kafa rukuni uku ko huɗu suna karɓa-karɓa, kuma duk bayan 'yan watanni a sake cakuɗa su, don mutanen da suka shekara suna ƙirga tare kan fara rufa wa juna asiri a kan ƙananan abubuwa. Ɗakin ya zama a rufe, teburin babu komai a kansa, jakunkunan hannu a ajiye a waje. A duba lambar ɗaurin ta dace da ta littafi kafin a tsinke. A ware takardun kuɗi iri-iri, mutum ɗaya ya ƙirga, na biyu ya sake ƙirgawa ba tare da ya ji adadin na farko ba, na uku ya rubuta. Takardar ƙirga ta nuna yawan kowane irin takardar kuɗi da jimilla, da biro ba fensir ba. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai a sa hannu a gefe, kada a goge. Duka ukun su sa hannu, a yi kwafi biyu, ɗaya ga Fada ɗaya ga sakataren kwamiti.

Abubuwa uku ne ke lalata wannan tsari, kuma dukkansu da kyakkyawar fuska suke zuwa. Wani zai leƙo ya ce a yi masa canji daga baikon. A hana, don hannun da ba na masu ƙirga ba ya shiga kuɗin ke nan. Wani zai zo da bukata ta gaskiya, a sayi kyandir ko a biya mai gyaran lantarki yanzu-yanzu, a cire daga ciki kawai. Wannan ya fi kowanne haɗari, domin daga ranar da aka fara kashewa kafin a kai banki, adadin da ke takardar ƙirga da na banki ba za su ƙara haɗuwa ba, kuma ba wanda zai iya bambance sayen kyandir da sata. Na uku shi ne aro: ɗan kwamiti ko ma'aikaci ya karɓa zai mayar ƙarshen wata. Baiko ba asusun bashi ba ne. In farish na son taimaka wa ma'aikacinsa, a yi shi a rubuce da sanin kwamiti, a cire daga albashi.

A kai kuɗin banki cif-cif yadda aka ƙirga, a ranar aiki ta farko bayan Lahadi. Sannan wani wanda bai ƙirga ba kuma bai je banki ba ya ɗora takardar banki a kan takardar ƙirga ya ga ko sun yi daidai. Aikin minti biyar ne, amma shi ne ke riƙe sauran duka. Inda banki ya yi nisa, a ajiye a akwati mai makulli biyu, kowane mabuɗi a hannun mutum daban, a sa ranar kaiwa wadda ba ta wuce mako biyu ba.

Masu turo baiko ta waya su tura asusun da ke ɗauke da sunan farish. Kada a taɓa sanar da asusun Fada ko na katikis (malamin koyar da bangaskiya) ko na ma'aji a matsayin na coci, ko na kwana ɗaya ne. In mai asusun ya rasu ko aka yi masa canjin wurin aiki, magada da banki ba su san wani farish ba. Saƙon shigar kuɗi da fitarsu ya riƙa zuwa wayoyi biyu.

Fitar da kuɗi

Ƙa'idar ɗaya ce: wanda ya amince a biya, da wanda ya biya, da wanda ya rubuta a littafi, kada su zama mutum guda. Kowane cek ko turawa na buƙatar sa hannun mutum biyu yadda dayosis ta tsara. Kada a sa hannu a cek ɗin da ba a cike ba don za a yi tafiya, hannu biyun ya koma hannu ɗaya ke nan. Ga ƙananan sayayya a ware wani adadi tsayayye a ƙaramin akwati. Duk abin da ya fita a maye gurbinsa da rasit, ta yadda kowane lokaci aka buɗe akwatin, kuɗin da suka rage da rasit ɗin da ke ciki za su ba da adadin farko. Ba a ƙara cika shi sai an miƙa rasit ɗin.

Gini ne ke cinye farish. A nemi farashi a rubuce daga 'yan kwangila uku. In ɗan kwamiti ko ɗan'uwansa na cikin masu nema, ya faɗa, ya fita daga ɗakin lokacin da ake magana. A biya kashi-kashi bayan an duba kowane mataki, tushe, bango, rufi, a kuma riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 har sai ginin ya ga ruwan sama bai yi yoyo ba. Manyan al'amura kamar sayar da fili, cin bashi mai nauyi ko fara babban gini sun wuce gudanarwar yau da kullum, kuma doka ta 1281 ta ce in ba da rubutaccen izinin bishop ba, abin da aka yi bai inganta ba. Kowace dayosis na da iyakar adadinta, a tambayi ofishin kuɗinta. Takardun filaye da motoci su kasance da sunan da dokar ƙasa ta san Coci da shi, ba da sunan wani mutum ba, komai amincinsa.

Kafin a fara gini ma akwai tambayar da ta dace da mai rumbunan nan: jama'a ce ta yi yawa, ko dai cocin maƙwabta ne ya fi namu tsayi? Farish ma na iya yin haɗama, sai dai shi yakan kira ta ci gaba.

Ƙungiyoyin mata, matasa da mawaƙa su bi wannan tsari a ƙanƙance, su kawo rahoto sau ɗaya a shekara. Ƙarshen shekara farish ya miƙa wa bishop lissafinsa kamar yadda doka ta 1287 ta ce, wadda kuma ta ce a ba jama'a bayanin abin da suka bayar. Shafi ɗaya ya isa: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da ake bin farish, abin da ya rage. A karanta a Mas, a manna a allon sanarwa. Baikon da bishop ya umarta domin wata manufa, kamar na Ƙasa Mai Tsarki ranar Juma'a Mai Kyau, na taimakon Paparoma wajen 29 ga Yuni, da na Lahadin Mishan a watan Oktoba, a tura shi gaba ɗayansa cikin 'yan makonni. Riƙe shi don toshe wani rami a gida cin amana ne, ko da an yi niyyar biya.

Mas da sakramenti ba kayan sayarwa ba ne

Saminu mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don su ba shi ikon ba da Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Dokokin Coci a kan wannan fanni duk daga wannan tsoron suka fito. Doka ta 947 ta ce a kawar da duk abin da ya yi kama da ciniki daga baikon Mas, wato abin da mutum ke bayarwa don a yi Mas domin wani roƙo nasa. Bishop-bishop na lardi, wato rukunin dayosis da ke maƙwabtaka, ne ke tsayar da adadin, Fada ba zai nemi fiye da haka ba, amma zai iya karɓar ƙasa da haka, ko sama da haka in mai bayarwa ya yi don ra'ayin kansa (doka ta 952). An kuma ƙarfafa limamai su yi Mas domin bukatar matalauci ko bai kawo komai ba (doka ta 945).

Kowane irin wannan baiko da aka karɓa na da Mas tasa (doka ta 948). Haɗa roƙo da yawa a Mas guda ba ya halatta sai an sanar da masu bayarwa tun farko sun kuma yarda, bisa sharuɗɗan da lardin ya gindaya. Fadan da ya yi Mas fiye da ɗaya a rana baikon Mas guda kawai zai riƙe, ban da ranar Kirsimeti, sauran su tafi inda bishop ya ce (doka ta 951). Ba zai karɓi abin da ba zai iya cikawa cikin shekara ba, kuma dole a sami littafi na musamman da ake rubuta kowane roƙo, baikonsa, da ranar da aka cika shi (doka ta 958). Mas ɗaya a kowace Lahadi da manyan idodi ta jama'ar farish ce duka, ba a karɓar baiko dominta.

A ofishin farish ne wannan ke lalacewa, sau da yawa ba da sanin Fada ba. Uwa ta zo neman baftisma ga jaririnta, akawu ya buɗe littafi ya ce ana bin ta gudunmawar shekara biyu, sai ta biya. Iyali sun zo maganar jana'iza, aka fara da lissafin bashin mamaci. Doka ta 848 ta ce kada talauci ya hana kowa sakramenti, ta 1181 ta faɗi haka game da jana'iza. A koya wa akawu da katikis abin da za su ce: ga baikon da dayosis ta tsara, in ba hali ba komai, ranar kaza za a yi. A cire kalmar farashi daga allon ofis. Maganar gudunmawar da ba a biya ba a bar ta zuwa wata rana, ba ranar makoki ba.

Haka wajen neman baiko. Coci ta wajabta wa 'ya'yanta su taimaka mata gwargwadon hali (doka ta 222), amma dokarta ta duniya ba ta tsayar da ushiri a matsayin sharaɗi ba. Mai son ba da kashi 10 cikin 100 ya yi abu mai kyau. Mai wa'azin da ke cewa kawo kaza Allah zai ninka maka kaza kuwa, haɗama yake koya wa mutane da sunan bangaskiya. Shawarar Bulus ta fi sauƙi: ranar farko ta mako kowa ya ware wani abu gwargwadon samunsa (1 Korantiyawa 16:2), ba da ɓacin rai ko tilas ba.

Kujerar gaba

Yakubu 2:1-4 ya zana hoton sarai: mai zoben zinariya ya shigo an ce bismillah ga wuri mai kyau, matalauci ya shigo an ce tsaya can. Majalisar Vatikan ta Biyu a 1963 ta ce a cikin sujada kada a fifita wani mutum ko wani aji, ban da girmamawar da ta dace da masu hidima da hukumomin ƙasa. Don haka babu kujerar da iyali suka mallaka. A taron neman gudunmawa, kiran suna da adadi ta lasifika na jawo alkawuran da ba a cikawa, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya zauna a gida don kunya. A yi amfani da ambulan, a sanar da jimilla, a gode wa kowa da wasiƙa. Wataƙila a ranar a tara ƙasa da yadda aka saba ji ana faɗa, amma a kwatanta da abin da ke shiga asusu a zahiri bayan wata shida, ba da abin da aka yi shela ba. Gwauruwar da Yesu ya yaba a Markus 12 'yan tagulla biyu ta jefa, kuma ba wanda ya kira sunanta.

Babbar kyauta daga wanda kowa ya san yana danne haƙƙin ma'aikatansa ko yana cin dukiyar jama'a na buƙatar Fada ya zauna da shi a keɓe, ya kuma nemi shawarar bishop kafin a karɓa. Kyautar da ta zo da sharaɗin a saka wane a kwamiti ko a daina wani wa'azi, ta fi tsada a kan amfaninta.

Ma'aikata da matalauta

Farish ɗin da ke sayen sabbin fitilu alhali mai gadi da mai dafa abinci da katikis na bin albashin wata uku, ya karanta Yakubu 5:4, inda ladan da aka hana masu girbi ke kuka. Tun 1891 Paparoma Leo na 13 ya rubuta a kan haƙƙin ma'aikaci na samun lada mai isa, doka ta 1286 kuma ta umarci masu gudanar da dukiyar Coci su bi dokokin ƙwadago na ƙasa su biya albashi na adalci. A ba kowa takardar ɗaukar aiki, a sa ranar biya, a sa albashi a saman kasafin kuɗi. Cewa aikin Allah ne ba hujjar tauye mutum ba ce.

Rabon matalauta shi ma a cire shi tun farko, kashi tsayayye da kwamiti ya amince da shi, ko 5 ne cikin 100, don abin da aka ce sai an ga saura ba ya taɓa saura. Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul, wadda Frederic Ozanam da abokansa suka kafa a birnin Paris a 1833, ta saba ziyartar mabukata a gidajensu biyu-biyu, kuma tsari ne mai kyau ga kowane farish: ido huɗu sun fi gani, kuma babu mai cewa an ba shi kaza alhali ba a ba shi ba. Kuɗin makaranta ko na magani a biya kai tsaye a karɓi rasit. A rahoton da jama'a za su gani a sa lamba a maimakon suna. Kada a ɗauki hoton mai karɓa.

Abin da kowa zai bincika a zuciyarsa

Kolosiyawa 3:5 ta kira haɗama bautar gumaka, kuma ba ta masu arziki kaɗai ba ce. Kafin a je furta zunubi, tambaya ta gaba ɗaya irin "ina son kuɗi?" ba ta kama kowa. A yi tambayoyin da ke da amsa. Akwai wanda nake riƙe da kuɗinsa alhali ina da halin biya? Na rage awo, na ɓoye aibin kaya, na ƙara a kan rasit? Na jinkirta ladan wanda ya yi mini aiki? A rabon gado na danne gwauruwa ko marayu? Wannan ta ƙarshe ba ƙarama ba ce, don rigimar gado ce ma ta sa Yesu ya ba da misalin mai rumbuna. A ɗauki lissafin wata guda a ga nawa ya tafi ga abin marmari, nawa ga mabukaci. Waliyyi Basil ya ce gurasar da ka ajiye ta mayunwaci ce, rigar da ke akwatinka ta marar sutura ce.

Wanda ya ci haƙƙin wani dole ya mayar. Zakka mai karɓar haraji bai tsaya a kan nadama ba, ya ce rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya cuta kuma zai biya shi ninki huɗu (Luka 19:8). Zuba kuɗin a baiko ba ya maye gurbin mayar wa mai shi. In ya rasu a ba magadansa, in an nema da gaske ba a same su ba sai a ba matalauta. In ba a iya biya gaba ɗaya, a tsara biya kaɗan-kaɗan a fara. Ba dole mutum ya tona kansa ba, ana iya mayarwa ta hannun amintacce.

Masu shirya wa'azi da darasin ƙungiyoyi ba sa buƙatar jira sai ana neman kuɗi kafin su taɓo wannan. Karatun Mas na Lahadi na zagayawa ne a shekara uku, A, B da C. A shekarar C, a cikin Lahadin da ba na lokutan idi ko azumi ba, Lahadi ta 18 na kawo mai rumbuna, ta 26 mai arziki da Li'azaru, ta 31 Zakka. A shekarar B, ta 28 mai dukiyar da ya tafi da baƙin ciki, ta 32 gwauruwa. Zai fi kyau a ranakun nan kada a yi baiko na biyu, don jama'a su ji saƙon ba tare da tunanin kwando ake share wa hanya ba.

In kuɗi sun ɓace

Kada a yi shela daga mumbari, kada kuma a binne maganar. Wanda ya lura ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata, ya kai wa Fada da wani ɗan kwamiti guda. A ranar a kwashe littattafai, takardun ƙirga da na banki a kulle, a canja makullai da lambobin sirri, a dakatar da sa hannun wanda abin ya shafa ba tare da an kira shi ɓarawo ba, don sau da yawa rashin iya rubuta lissafi ne ba sata ba. A sanar da ofishin kuɗi na dayosis, su turo mai bincike daga waje. A saurari mutumin a gaban shaidu biyu. In ya amsa, a rubuta yarjejeniyar biya da ranaku. A yafe masa a matsayin ɗan'uwa, a bar shi ya ci gaba da zuwa Mas da shiga ƙungiya, amma kada jaka ta koma hannunsa. Ko za a kai ga hukuma, bishop da dokar ƙasa ne za su nuna.

In zargin a kan Fada ne, 'yan kwamiti biyu ko uku su fara yi masa magana cikin ladabi da takardu a hannu. In ba a sami bayani ba, su rubuta wa bishop ko mataimakinsa da sunayensu, ba wasiƙar ɓoye ba, ba kuma a shafukan sada zumunta ba. Lokacin canjin Fada kuwa, doka ta 1283 na buƙatar cikakken jerin kadarori da aka sa wa hannu, kwafi ɗaya a farish ɗaya a ofishin bishop. Mai tafiya da mai zuwa da 'yan kwamiti biyu su zagaya tare da jerin a hannu, daga kofunan Mas zuwa takardun fili, su rubuta ragowar kowane asusu da duk bashin da ake bin farish a ranar, a kuma kai wa banki sabbin sunayen masu sa hannu a cikin makon.